Harajin Ofishin da Ba a Shiga Ba

A shekarar 2005, kotu mafi girma ta jihar New York ta yanke hukunci a kan wani mai rubuta manhajojin kwamfuta, Thomas Huckaby, mazaunin birnin Nashville a jihar Tennessee. Wata ƙungiyar ƙwadago da ke New York ce ta ɗauke shi aiki. Kashi ɗaya cikin huɗu na kwanakin aikinsa ne kawai yake yi a ofishinta, sauran yana yin su ne a gida, fiye da kilomita dubu daga New York. Da lokacin biyan haraji ya yi, sai ya lissafa wa New York rabonta a kan wannan kashi ɗaya cikin huɗu. Hukumar harajin jihar ta ce ba ta san zancen ba, albashin duka za a yi wa lissafi. Alƙalai huɗu cikin bakwai suka ba hukumar gaskiya, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta ƙi sauraron ƙarar.

A wancan zamani ana iya ɗaukar wannan a matsayin rashin sa'ar mutum ɗaya, domin masu aiki daga gida ba su da yawa. Yau miliyoyin ma'aikata ne a Amurka ke aiki ta intanet daga ɗakunansu, kuma ƙa'idar da aka kama Huckaby da ita tana nan daram. Sunanta na gaskiya ƙwace, ko da kotu ta sa masa hatimi. Jiha ce ke karɓar kuɗi daga mutumin da bai taka titinta ba, bai sa ɗansa a makarantarta ba, ba shi kuma da ƙuri'ar da zai hukunta waɗanda suka ɗora masa nauyin.

Kafin a kai ga wannan, sai an ga yadda ginin yake. Mai karatu da ya saba da tsarin Nijeriya ya san cewa doka guda ce ta ƙasa ke tsara harajin albashi, kuɗin kuma na jihar da ma'aikaci yake zaune ne. Wanda ke kwana a Mararaba yana aiki a Abuja, bisa ƙa'ida Nasarawa ce mai harajinsa, ko da yake isar kuɗin wurinta wani zance ne daban. A Amurka ba haka abin yake ba. Gwamnatin tarayya tana karɓar nata, sannan kowace jiha tana da tata dokar, da nata ma'auni, da nata takardu. Jihohi 41 da birnin Washington suna karɓar haraji a kan albashi. Tara ba sa karɓa: Alaska, Florida, Nevada, New Hampshire, South Dakota, Tennessee, Texas, Washington da Wyoming.

Jiha tana da hannu biyu da take kama mutum da su. Na farko zama: duk wanda yake mazauninta, tana da haƙƙi a kan dukkan abin da ya samu, ko a ina ya samo shi. Na biyu tushen kuɗi: duk wanda ya yi aiki a cikin iyakokinta, ko baƙo ne, tana da haƙƙi a kan abin da ya samu a nan. Kotun Ƙoli ta amince da wannan hannu na biyu tun 1920. Domin kada hannuwan biyu su haɗu a wuyan mutum ɗaya, jihar da yake zaune takan yi masa ragi daidai da abin da ya biya wa ɗayar, amma ragin ba ya wuce abin da ita kanta za ta karɓa a kan wannan kuɗi. Shi ya sa wanda ya yi aiki a jihohi biyu yakan fara cike takardar baƙo ta jihar da ya yi aikin, ya ga nawa ta ci, sannan ya cike takardar gida ya nemi ragi, akasari kafin 15 ga Afrilu. Wasu jihohin maƙwabta sun sauƙaƙa wa mutanensu da yarjejeniyar ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, inda kowa ke biya a gidansu kawai. New Jersey da Pennsylvania suna da irinta tun 1977, haka Maryland da Virginia. New York ba ta da ko guda da kowace jiha.

Duk wannan tsari, da wahalarsa da komai, a kan abu ɗaya ya tsaya wanda hankali zai ɗauka: aiki yana faruwa ne a inda mai aikin yake. A nan ne New York ta kauce. Ƙa'idarta ta ce idan ofishin da aka ajiye ma'aikaci yana cikin jihar, to duk ranar da ya yi aiki daga gidansa a wata jiha za a ƙirga ta tamkar a New York ya yi ta, sai fa in larurar kamfani ce ta tilasta a yi aikin a waje. In ba larura, to son ran ma'aikaci ne, kuma son rai ba ya rage haraji. Pennsylvania, Delaware da Nebraska suna da irin wannan ƙa'ida, kowacce da nata salo, amma New York ce ta fi kowa zafi wajen aiwatar da ita, ita ce kuma ta fi kowa samu.

Kalmar larura tana da daɗin ji, har sai an duba yadda hukumar ta fassara ta. A wata takardar bayani da ta fitar a 2006, ta ce ɗakin aiki na gida zai zama ofishin kamfani na haƙiƙa ne kawai idan yana ɗauke da wasu kayan aiki na musamman, ko yana kusa da su, waɗanda ba za a iya samar da su a ofishin New York ba. In ba haka ba, sai ya cika huɗu cikin wasu sharuɗɗa shida, da kuma uku cikin wasu goma. A cikinsu akwai ko kamfani yana biyan hayar ɗakin, ko abokan ciniki suna zuwa wurin, ko akwai allon suna a ƙofa. Mai lissafin kuɗi ko mai rubuta manhaja, wanda kayan aikinsa kwamfuta ce da waya, ta ina zai cika waɗannan? An gina ƙofar ne da niyyar kada a wuce.

A ɗauki misali. Ma'aikaciyar lissafi ce, ba ta da aure, tana zaune a Houston a jihar Texas, tana aiki da wani kamfani na Manhattan a kan albashin dala 100,000 a shekara. Sau biyu take zuwa ofis, jimilla kwana goma. Bisa lissafin hankali, New York tana da rabo a kan waɗannan kwana goma, abin da bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Bisa ƙa'idar son rai, za ta biya kusan dala 5,000, daidai da wanda ya kwana ya tashi a jihar shekara guda cur. Babu kuma wanda zai yi mata ragi, domin Texas ba ta karɓi komai a hannunta ba balle ta rage. Wataƙila ma dalilin komawarta Texas ke nan. Texas kuwa ba kyauta take gudanar da mulki ba, da harajin gidaje da na saye da sayarwa take rayuwa, kuma wannan baiwar Allah tana biyan su. Ta biya kuɗin titin da take hawa, ta kuma biya na wanda ba ta hawa.

Idan a New Jersey take zaune, sai asarar ta sauya wuri. New Jersey takan ba mazaunanta ragi a kan abin da suka biya wa New York, har da na kwanakin da suka yi a gida. Ma'aikaciyar ba ta biya sau biyu ba, amma baitulmalin jiharta ne ya zauna fayau. Ragin da New Jersey ke bayarwa saboda harajin wasu jihohi yana kaiwa biliyoyin daloli a shekara, kuma wani ɓangare nasa na aikin da aka yi ne a cikin ɗakunan New Jersey, da wutarta da ruwanta da 'yan sandanta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Hali na uku shi ne mafi muni, wato idan jihar gida ta ce aikin a ƙasarta aka yi shi, saboda haka ba za ta yi ragi ba. Wannan ne ya sami Edward Zelinsky, farfesan shari'a a makarantar Cardozo da ke Manhattan, mazaunin New Haven a jihar Connecticut. Kwana uku yake zuwa koyarwa a mako, sauran yana gida yana bincike da duba takardun ɗalibai. A kan kuɗin da ya samu a 1994 da 1995, New York ta ƙirga kwanakin gidan a matsayin nata, Connecticut ma ta ƙirga su a matsayin nata. Dala ɗaya, haraji biyu. Ya kai ƙara, ya sha kaye a 2003, Kotun Ƙoli ta kau da kai a shekarar da ta biyo. Abin lura shi ne fannin da mutumin yake koyarwa, wato dokar haraji. Idan wannan ne makomar masanin da ya san kowace kusurwa ta dokar, ba sai an tambayi makomar sakatare ko mai amsa waya ba.

New York tana da hujjoji, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba ta da su. Ta farko ita ce adalci tsakanin abokan aiki. Mutum biyu suna ofis ɗaya, ɗaya yana zaune a Brooklyn, ɗaya a Connecticut, dukansu suna aiki a gida ranar Juma'a. Me zai sa ɗaya ya biya New York a kan Juma'ar, ɗayan ya tsira? Amsar ba ta da nisa. Na Brooklyn ya yini a New York ranar Juma'a, kuma da gidansa zai kama da wuta, motar kashe gobarar New York ce za ta zo. Na Connecticut kuwa bai tsira daga komai ba, jiharsa tana jiransa da tata takardar. Wannan bambanci shi ne ainihin ma'anar iyaka tsakanin jihohi, ba wata kafa ce ta zamba ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: albashin Manhattan ya yi tsoka ne saboda Manhattan. Kasuwar hannayen jari, da bankuna, da kotuna, da tarin ƙwararru su ne suka sa kamfanin yake iya biyan wannan kuɗi, don haka ma'aikacin yana cin moriyar birnin ko daga nesa. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai kamfanin da ke cin wannan moriya kai tsaye yana biyan harajin ribarsa, ginin da yake ciki ana biya masa harajin gini, shugabanninsa da ke zaune a jihar suna biyan nasu. An riga an karɓi kuɗin moriyar a inda ya dace. Kuma in har za a bi wannan hujja zuwa ƙarshenta, to manomin masara na Iowa da farashin amfaninsa ke fitowa daga kasuwar Chicago shi ma bashin Illinois yana kansa. Babu wanda ya taɓa cewa haka, domin kowa ya ga inda zancen zai kai.

Ta uku ita ce tsoron ƙarya, wai mutum zai ce yana gida alhali yana ofis. Wannan ta yi ma'ana a zamanin da babu yadda za a tantance. Yau katin shiga ofis yana rubuta sa'a da minti, wayar hannu tana nuna inda mai ita ya kwana, kuma masu binciken harajin New York sun shahara da neman irin waɗannan bayanai idan suna son tabbatar da cewa wani attajiri ya wuce kwana 183 a jihar domin su mai da shi mazauni. Hukumar da ta iya ƙirga kwana idan ƙirgar za ta kawo mata kuɗi ba za ta dawo ta ce ƙirga ta gagara ba idan za ta rage mata.

Annobar korona ce ta tsiraita ƙa'idar gaba ɗaya. A watan Maris na 2020, gwamna Andrew Cuomo ya ba da umarnin rufe ofisoshin da aikinsu ba na dole ba ne. Gwamnati da kanta ta hana mutane zuwa wurin aiki. Idan akwai abin da ya cancanci a kira shi larura a duniya, to wannan ne. Amma kafin shekarar ta ƙare, hukumar haraji ta sanar cewa kwanakin da baƙi suka yi suna aiki daga gida lokacin annobar kwanakin New York ne. Zelinsky, wanda aka rufe wa ƙofar makaranta, ya sake kai ƙara, a 2023 kuma alƙalin sashen ƙararrakin haraji na jihar ya sake kayar da shi, bisa dalilin cewa makarantar ba ta ce lallai sai a Connecticut zai yi aikin ba. To a ina ake so ya yi shi? Gidansa a Connecticut yake. Hannun dama na gwamnati ya kulle ofis, hannun hagu ya ce rashin shigarsa ganin dama ne.

A cikin wannan bazara ce kuma ma'aikatan lafiya suka taso daga wasu jihohi suka zo taimakon asibitocin New York lokacin da gawarwaki suka fi ƙarfin ɗakunan ajiya. Da aka tambayi Cuomo ko za a yafe musu harajin jihar, sai ya nuna cewa baitulmali ba shi da halin yin haka. Sun biya.

Massachusetts ma ta gwada irin wannan a 2020, da wata doka ta wucin gadi da ta ci gaba da karɓar haraji daga mazauna New Hampshire da suka daina tsallakowa aiki. New Hampshire, wadda ba ta karɓar harajin albashi, ta kai ƙara kai tsaye Kotun Ƙoli a watan Oktoba na shekarar. A watan Yuni na 2021 kotun ta ƙi karɓar ƙarar, alƙalai biyu ne kawai, Clarence Thomas da Samuel Alito, suka nuna za su saurare ta. Ita dai Massachusetts ta bar dokarta ta mutu bayan annoba. Maƙwabtan New York kuwa, da suka ga kotu ba za ta cece su ba, sai suka koma ramuwa. Connecticut daga 2019, New Jersey daga 2023, kowacce ta kafa tata ƙa'idar son rai da ke aiki kawai a kan mazauna jihohin da ke da irinta. New Jersey har tukuici ta sa wa duk mazauninta da ya kai wata jiha ƙara ya yi nasara: za ta bar masa rabin ƙarin harajin da zai dawo hannunta. Gwamnati ce ke ɗaukar talakawanta sojan haya, su biya lauya da kuɗinsu, su yi mata yaƙin da ita ta kasa. Ramuwar ba ta cire ko sisi daga wuyan ma'aikaci ba, ta dai ƙara yawan waɗanda za a kama.

Ƙa'idar son rai ita ce mafi ƙazanta, amma ba ita kaɗai ce ba. A jihohi da yawa, baƙon da ya yi aikin yini ɗaya tak ya shiga cikin waɗanda doka ta ce su cike takarda. An saba jin labarin a kan 'yan wasa. Bayan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Chicago Bulls ta doke Los Angeles Lakers a wasan ƙarshe na 1991, California ta bi Michael Jordan da abokansa da lissafin kwanakin da suka yi a can, Illinois kuma ta rama da tata dokar. Jordan yana da akantoci. Amma dokar da ta kama shi ita ce ke kan injiniyan da aka aika taron kwana biyu, da matar da ta tafi jinyar mahaifiyarta a wata jiha ta riƙa buɗe kwamfuta da safe. New York ta yafe wa kamfani cire haraji daga albashin baƙon da bai wuce kwana 14 ba, amma ba ta yafe wa shi baƙon bashin ba. Yawancin mutane ba sa cike waɗannan takardu, yawancin jihohi ba sa bin su, kowa kuma ya san haka. Sakamakon shi ne mai gaskiya ya sayi manhajar haraji da ke cajinsa a kan kowace jiha, ya ɓata daren Lahadi domin ya biya wata jiha dala talatin, wanda bai damu ba kuma ya kwana lafiya har ranar da aka ga damar tuna shi. Dokar da ake karyawa da yawa haka, ana kuma zaɓen wanda za a kama, makami ce a hannun hukuma.

Mafi yawan laifin yana kan majalisar tarayya. Tsarin mulkin Amurka ya ba ta ikon tsara harkokin kasuwanci tsakanin jihohi, kuma kotuna sun sha nuna cewa wannan rigima tata ce. An daɗe ana gabatar da wani ƙuduri mai sauƙi, wanda ya ce jiha ba za ta taɓa albashin baƙo ba sai ya yi aiki fiye da kwana 30 a cikinta a shekara. Majalisar Wakilai ta amince da shi a 2012, ta sake a 2016, ta sake a 2017. Duk sau ukun a Majalisar Dattawa ya kwanta, inda adawar New York take da ƙarfi, inda kuma sanatanta Chuck Schumer ya zama jagoran 'yan jam'iyyar Democrat tun 2017. Ba a zargin sanata don ya kare baitulmalin jiharsa, aikin da aka zaɓe shi ya yi ke nan. Abin tambaya shi ne sauran sanatoci 98, waɗanda mutanensu ne ake tatsa. Wasu jihohi, kamar Illinois da Indiana, sun gaji da jira sun kafa iyakar kwana 30 da kansu, amma wannan kyautatawa ce ga baƙin da ke shigo musu, ba ta kare nasu mutanen idan sun fita.

Kada kuma a ce majalisar tana jin nauyin shiga hurumin jihohi ne, domin ta sha shiga idan ta so. Ta hana jihohi taɓa albashin sojan da aka kawo aiki cikinsu daga wata jiha. A 1990 ta ce ma'aikatan jirgin ƙasa da direbobin manyan motoci da ke ratsa jihohi su biya a jihar da suke zaune kawai. A 1996 ta hana jiha bin ɗan fansho da haraji bayan ya ƙaura ya bar ta, abin da California ta yi suna a kansa. Dokar 1973 da ta ba birnin Washington 'yancin gudanar da kansa ta haramta masa karɓar haraji daga albashin baƙi, saboda haka dubban ma'aikatan gwamnati da ke kwararowa daga Virginia da Maryland kowace safiya, suna hawa titunan birnin da gaske, ba sa ba shi ko sisi daga albashinsu. A 1977 kuma 'yan majalisar suka yi wa kansu doka: ɗan majalisar da ya kama gida a Maryland, ko Virginia, ko cikin Washington domin halartar zama, wurin ba zai ɗauke shi mazauni ba, ba kuma zai taɓa albashinsa ba. Jihar da ta zaɓe shi kaɗai yake biya, ko da kwana ɗari biyu ya yi a waje.